Babi na Tara: Idan Gurbi Ya Ƙi Cika

Duk wanda ya saba buɗe jaridun Turanci ta baya ya san allon nan mai gidaje farare da baƙaƙe, da jerin tambayoyi kashi biyu a ƙarƙashinsa, na kwance da na tsaye. Ya kuma san inda ake cijewa. Tambayoyin farko ba sa wahalar da kowa: babban birnin Masar, haruffa 5, dabba mai ƙaho a hanci, haruffa 5. Biro na ta gudu, mutum na jin daɗin kansa. Can sai a iso wata kusurwa inda kalmomi uku suka gitta juna, kuma babu ko ɗaya da ka sani a cikinsu. Ta kwance na jiran ta tsaye ta ba ta harafi, ta tsaye na jiran ta kwance. A nan masu wasan ke rabuwa. Wani ya ninke jaridar ya ce ai dama aikin marasa aikin yi ne. Wani kuma ya ɗaga kai ya dubi na kusa da shi. Wannan na biyun shi ne mutumin da babin nan ya damu da shi, kuma ban san wurin da ya dace a je a same shi kamar Panshekara ba.

Panshekara na cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, kudu maso yamma da birnin Kano, dab da kogin Challawa da rukunin masana'antun da suka ɗauki sunan kogin. Daga nan in ka nufo gari za ka ratsa ta Sharada, wadda ita ma unguwar masana'antu ce, sannan can gabas da birni ga Bompai, wadda ta girme su duka. A shekarun 1970 da 1980 waɗannan wurare uku sun tara ɗaruruwan kamfanoni: na jima, na saƙa, na robobi, na lemon kwalba, na alewa da biskit, na man gyaɗa. Masana'anta kuwa ba ta tambayar garinku kafin ta ɗauke ka aiki. Saboda haka a bakin ƙofa ɗaya sai ka tarar da Bakano da Bakatsine, da Bayarabe mai gyaran inji, da Inyamuri mai kula da sito, da mutumin Zangon Kataf da ya yi makarantar mishan, da direban tirela wanda ya san hanyar Legas kamar tafin hannunsa, da Buzu maigadi. Gidajen haya na Panshekara da teburan masu shayinta su ne inda wannan taro ke sauke gajiya idan an tashi daga aiki.

A wancan zamani jarida ɗaya takan yi doguwar tafiya a irin wannan wuri. New Nigerian da aka fara bugawa a Kaduna a 1966, da Triumph ta gwamnatin Kano da ta fito a 1980, da jaridun Legas, sukan fara sauka a teburin manaja. Daga nan su gangaro wajen akawu, daga akawu zuwa ɗakin masu gadi, daga can zuwa bencin mai shayi, kafin a ƙarshe su faɗa hannun mai ƙosai ko mai tsire. Kafin jarida ta iso benci labaranta sun kwana, kowa ya riga ya ji su a rediyo. Abu ɗaya ne a cikinta da kwanan wata bai shafe shi ba, shi ne allon nan na baya. Idan babu wanda ya cike shi a ofis, to sabo ne fil ko da bayan mako guda.

Sai dai allon ba don mutumin Panshekara aka tsara shi ba, kuma ya kamata a faɗi wannan ƙarara, domin da yawa sun bar wasan suna zaton ƙwaƙwalwarsu ce ta gaza. Yawancin irin waɗannan tambayoyi an gina su ne a kan abin da mai karatu a Ingila ko Amurka ya tashi da shi tun yana yaro: sunayen ƙananan kogunan Ingila, kalmomin wasan kurket, sarakunan Turai, tsuntsayen da ba su taɓa sauka a Kano ba. Wanda ya ci jarrabawar Turanci da kyau zai iya tsayawa cik a kan kogi mai haruffa 3 a kudancin Ingila, alhali yaron da aka haifa a gefen kogin ba zai ko yi tunani ba. Wannan ba rashin basira ba ne, rashin zama a wurin ne. Kuma maganin rashin zama a wuri shi ne tambayar wanda ya zauna, ko wanda ya karanta, ko wanda ya taɓa wucewa.

A nan ne bencin mai shayi ke nuna amfaninsa. Wanda ke riƙe da biro, galibi akawu ne ko ɗalibin da ya zo hutu, yakan karanta tambayar da ƙarfi ya fassara ta.

"Oga, kai da ka yi makarantar mishan, wane littafi ne a Baibul mai haruffa huɗu, farkonsa R?"

"RUTH. Rubuta."

"To Malam direba, tashar jiragen ruwa a ƙasar Benin, bakwai."

"Kwatano mana. Amma su da C suke farawa, ka ƙirga ka gani."

A ƙirga COTONOU, a ga bakwai cif. Mai gyaran wuta ya ba da OHM ba tare da ya ajiye kofinsa ba. Idan aka nemi ƙarfe mai haruffa 8 da ake amfani da gishirinsa wajen jima, wanda ya yi shekaru yana juya fatu a Challawa shi zai ce CHROMIUM, ko da bai gama firamare ba, domin ya sha ganin sunan a jikin buhu. Akwai ma inda Bakano ya fi Bature: masu tsara wasan suna matuƙar son gajerun kalmomi masu wasula da yawa, shi ya sa EMIR da IMAM da MALI da OKRA ke yawan dawowa, kuma waɗannan a nan ko yaro ya san su. Abin da nake so a lura da shi shi ne, babu mutum ɗaya a kan bencin da zai iya cike allon shi kaɗai, amma bencin gaba ɗaya yana iyawa. Kalmomin allon kamar saƙar zana suke, kowane kara na riƙe da ɗan'uwansa, harafi ɗaya da direba ya kawo shi ke buɗe wa akawu kalmar da ta hana shi sakat tun ɗazu.

To amma wannan ba satar amsa ba ce? Tambayar na damun mutane fiye da yadda suke nunawa, musamman waɗanda makaranta ta koya musu cewa duk wanda ya waiga gefe ya yi laifi. Ni a ganina sun ɗauko dokar ɗakin jarrabawa sun ɗora wa wasa. Bahaushe yana da nasa wasan ƙwaƙwalwar tun kafin zuwan jarida, wato kacici-kacici, kuma ba a taɓa yin sa mutum ɗaya a ɗaki ba. Da dare ake yi, cikin yara da manya, kowa na jefa tasa amsar. Idan abin ya gagara, akwai hanyar fita da al'ada ta tanada: sai ka ce ka ba mai tambaya gari. Shi kuma yana iya raina garin da ka ba shi ya nemi wanda ya fi girma, sai ya gamsu sannan ya warware. Ka ga ke nan neman amsa wani ɓangare ne na wasan, yana da ladabinsa, yana da ɗan farashinsa, kuma babu wanda ake yi wa kallon ɓarawo don ya nema. Wanda ya ba da gari yau, gobe shi ke karɓar gari daga wani, domin ya riƙe amsar. Matambayi ba ya ɓata.

Tarihin wasan a can inda ya fito ma bai goyi bayan masu cewa sai mutum shi kaɗai ba. Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fitar da littafi guda na irin waɗannan alluna, da fensir maƙale a jikinsa, kuma abin ya zama ruwan dare a Amurka har ɗakunan karatu suka yi ta kukan yadda masu wasan ke tsufar musu da ƙamus. Wato tun ran gini aka yi zane: ƙamus abokin tafiyar wasan ne. The Times ta Landan ta shiga a 1930. New York Times, wadda da farko ta raina wasan a matsayin ɓata lokaci, ta miƙa wuya a 1942, kuma daga baya ita da kanta ta buɗe layin tarho na kuɗi inda wanda ya cije zai kira a faɗa masa amsa.

Hatta masu tsara tambayoyin suna neman taimako, kuma wannan ya taɓa jawo wa wani babbar fitina. A watan Mayu da farkon Yunin 1944, makonni kaɗan kafin sojojin ƙawance su sauka a gaɓar Normandy ta Faransa ranar 6 ga Yuni, kalmomin Utah da Omaha da Overlord da Mulberry da Neptune suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshi a jaridar Daily Telegraph. Dukkansu sunayen sirri ne na shirin harin. Jami'an leƙen asirin Birtaniya suka je suka titsiye mai tsara wasan, Leonard Dawe, wanda shugaban wata makarantar sakandare ne. Ba a same shi da laifi ba. Shekaru 40 bayan haka wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa Dawe yakan ba yara allon da babu komai su cike da kalmomi, shi kuma ya rubuta tambayoyin, kuma yaran suna jin waɗannan sunaye ne a bakin sojojin da aka girke kusa da makarantar. Idan mai ɗaure ƙullin kansa da hannun yara yake ɗaurewa, ban ga dalilin da zai sa mai kwancewa ya ji kunyar neman hannu ba.

Duk da haka taimako suna ya tara. Akwai wanda ke ƙara maka ƙarfi, akwai wanda ke karɓe maka wasan gaba ɗaya, kuma gane bambancinsu shi ne ainihin gwanintar.

Taimako mafi arha shi ne ka ajiye jaridar. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san wannan: kalmar da ta ƙi zuwa kafin Azahar sai ta faɗo da kanta bayan La'asar, kana tsakiyar wani abu dabam. Ma'aikacin da ya soma allo a hutun rabin rana ya koma kan inji yakan dawo da amsa biyu ko uku ba tare da ya tambayi kowa ba. Bayan wannan sai sauraron abin da tambayar ke faɗa game da siffar amsarta. Idan tambaya jam'i ce, amsar ma jam'i ce, kuma a Turanci wannan yakan nuna S a gidan ƙarshe, sai ka sa shi da fensir tun kafin ka san kalmar. Idan aikin da ya wuce ne, mai yiwuwa ED ne a ƙarshe. Haruffa biyu na kyauta ke nan. Idan kuwa sai ka tambayi mutum, to akwai hanyar tambaya da ba ta kashe wasa. Kada ka ce ya faɗa maka amsar, ka ce ya yi maka hannunka-mai-sanda: harafin farko kawai, ko ya ce maka kana tunanin dabba alhali sunan gari ake nema. Nagartaccen mai taimako yakan san inda zai tsaya. Dattijon da ya ce wa yaro "sake karanta kalmar ƙarshe ta tambayar, a hankali" ya fi wanda ya karɓe biro ya rubuta masa amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma malamin da kusan kowa ke wucewa bai gaishe shi ba, wato ɗan ƙaramin allon amsoshin jiya da ake bugawa a gefen na yau. Yawancin mutane sukan leƙa su ga kalmar da ta gagare su, su ce "ashe!", su wuce. Wanda ke son ya ƙware yakan ajiye jaridar jiya, ya ɗora amsa kusa da tambayarta, ya tambayi kansa ta wace hanya aka bi daga nan zuwa can. Wannan ya fi zama dole a nau'in wasan da Turawan Ingila suka ƙware a kai tun shekarun 1920, wanda tambayarsa ba ta nufin abin da take faɗa a zahiri. A irin wannan, kowace tambaya kashi biyu ce a haɗe: ma'anar kalmar a farko ko a ƙarshe, sauran kuma umarni ne a ɓoye na yadda za a harhaɗa haruffanta. Bari in gwada da Hausa don a ga yadda abin ke aiki. "An hargitsa rami, ya koma dukan fuska (4)." Kalmar "hargitsa" ita ce umarnin: juya haruffan rami, sai ka sami MARI. Ga wata: "Wata goma sha biyu a cikin Panshekara." Ba tarihin garin ake tambaya ba, "a cikin" ce ke cewa ka duba cikin sunan kansa, kuma ga SHEKARA nan zaune. Wanda bai taɓa samun mai nuna masa wannan dabara ba zai iya shekara goma yana kallon irin wannan allo bai cike gida ɗaya ba, alhali bayanin minti biyar ya ishe shi. Wannan shi ne wurin da na fi ganin taimakon mutum ba shi da madadi.

Yanzu ga waya a aljihun kowa. Ka rubuta haruffan da ka samu da guraben da suka rage, nan take intanet ta jero maka duk kalmomin da suka dace. Ka kwafe tambayar sukutum, sau da yawa amsar za ta fito. Na'ura ta riga ta wuce mu a wannan fage: a 2021 wata manhaja mai suna Dr. Fill, wadda Matt Ginsberg ya ƙirƙira kuma masana daga jami'ar Berkeley suka ƙarfafa, ta fi kowane ɗan'adam maki a babbar gasar wasan ta Amurka, gasar da Will Shortz ya kafa tun 1978. Ba na cikin masu cewa a jefar da waya. Idan abin da ya tsare ka sani ne tsagwaronsa, kamar sunan kogi a Saiberiya, to ko ka kwana kana tunani ba zai zo ba, tunda ba ka taɓa jin sa ba. Ka duba, ka ga LENA, ka ɗan karanta inda yake kwarara, ka ƙaru. Amma idan tambayar dabara ce, wayar da ta ba ka amsa ta ƙwace maka daidai abin da ka zo nema, kuma gobe za ka sake cijewa a wuri ɗaya.

Akwai wata asarar da ta fi wannan damuna. Lokacin da akawu ya juya ya tambayi majemi sunan ƙarfe, wani abu na faruwa wanda ba ya cikin allon. Mutumin da a cikin masana'anta ba a tambayarsa komai sai dai a ba shi umarni, ga shi mai takardar makaranta na neman saninsa a gaban jama'a, kuma saninsa ne ya warware matsalar. Waya ba ta ba kowa wannan matsayi. Tun daga tsare-tsaren tattalin arziki na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar kaya masu arha daga waje, kamfanoni da yawa a Bompai da Sharada da Challawa sun rufe ko sun rage ma'aikata, jaridar takarda kuma ta yi tsada ta yi ƙaranci. Bencin yana nan, shayin yana nan, amma takardar da ke sa mutum shida su sunkuya a kan abu ɗaya ta ja baya.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a daina jiran allon da aka tsara don wasu. Jaridun Hausa da suka yi suna, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 har zuwa Aminiya, akasarinsu ba kullum suke fitowa ba, saboda haka al'adar allon kowace safiya ba ta sami gindin zama a harshenmu ba. Amma kayan aikin duk suna nan. Ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da kalmomi sama da 39,000, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Zana gidaje a cike su bisa ƙa'ida ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lissafi, inda kowane layi na kwance da na tsaye ke ba da jimla ɗaya. Kuma rubutun boko ya yi wa mai tsara tambaya wata babbar kyauta, tunda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Majemi na jiƙa ta, mai addu'a na yin sa (4)." FATA ce amsar duka biyun. Gari, kuka, baba, fari, kowace ɗaya tambaya ce mai fuska biyu da ke jiran mai rubuta ta.

Wahalhalun ma na gida ne, kuma sai an zauna an yanke shawara a kansu. Kalmomin Hausa sun cika bin tsarin baƙi da wasali, baƙi da wasali, kuma wasalin A ya mamaye ko'ina. Idan mai tsara allo ya bar kalmomi suna gittawa a kan wasula, ya cuci mai wasa, domin gurbi da A, gurbi da A, zai iya zama rana ko kaza ko tasa ko gada ko mata ko wasu da dama, harafin da aka samu bai taimaka da komai ba. Dole gittawar ta riƙa faɗawa a kan baƙaƙe. Sannan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutunmu a shekarun 1930, tilas a ɗauke su haruffa masu zaman kansu: ba za a hargitsa Kano a ce ta koma ƙona ba, kuma kalmar da ke da D ba za ta gitta mai Ɗ a gida ɗaya ba. Sunayen wurare na da tasu rigimar, don wani zai rubuta Panshekara wani Fanshekara, mai tsarawa sai ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai.

Sai kuma batun SH da TS. Da gangan ban sa adadin haruffa a tambayar SHEKARA ba, domin amsar ta danganta da wannan: in an bi yadda injin buga rubutu ke ƙirgawa gida 7 ne, in an bi abacadar Hausa, inda SH harafi ɗaya ne, gida 6 ne. Wasu harsuna sun riga sun sha wannan muhawara. Mutanen Wales suna sa tagwayen haruffansu irin su LL da DD a gida ɗaya, mutanen Holan ma haka suke yi da IJ. Ni na fi karkata ga gida ɗaya, saboda haka ake koya wa yara abacada a firamare, kuma yaron da ya cike allon zai fita da ƙa'idar rubutu daidai a kansa. Duk wanda mai tsarawa ya zaɓa, ya rubuta shi a layi ɗaya a saman allon kowace fitowa, don kada a ɓata rabin hutun rana ana gardamar ƙirga maimakon neman kalma.